Maɗacin da Ya Faɗi Ba Sallama

Babban Zarto, kamar yadda abokan aikinsa na gandun daji suke kiransa, ya sha bugun ƙirji yana cewa shi itace ba ya faɗuwa sai inda ya nuna masa da leɓe. Weji, wato ƙarfen da ake cusawa a tsagar sara, da igiyar waya da injin jan itace, duk kayan ragwaye ne a wurinsa. A ba shi zartonsa mai inji kawai, a matsa gefe.

Ranar da ya kayar da tsohon maɗacin bakin rafi, ya shigo gida ana kiran magariba. Matarsa na kwashe shanya. Tsakar gida ya yi tsit, ko kaji ba su yi rigimar shiga akurki ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani. Na bayansu ba dutse ba ne, ɗanyen reshe ne.

"Baban Auta, wa ka taɓo?" in ji matar, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaran maƙwabta ne."

"Maƙwabta sun yi tafiya."

Haka kowace magariba. Garin katako a tukunya, garin katako a randa, har cikin aljihunsa. Daga jikin bango ana jin wata tsohuwa tana mita. Daga nan Auta, 'yarsu, ta daina magana. In ta zauna sai ta karkace gefe guda kamar itacen da aka ci rabinsa. A miƙar da ita, ta sake karkacewa. An kai ta asibiti, an ce lafiyarta ƙalau. Uwar ta koma wuni tana tokare ta da kafaɗa, hawaye na zuba. Babban Zarto kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna wa yarinyar tsaye da leɓe. Ko gezau.

Ƙanin matar, direban motar katako, shi ya ɗauko wani malami, dattijo siriri mai sanyin murya. Direba ya riƙe Auta, Malam ya daɗe yana karatu, har duhu ya fara cin bango. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Malam, daina ƙona ni. Ni ba saran ne ya dame ni ba."

"To me ya dame ki, baiwar Allah?"

"Mutanen da can, da gatari suke zuwa. Daga saran farko zuwa faɗuwa mun kwashe kaya, mun goya yara. Wannan ya zo da abin nan mai kururuwa, kafin in ɗaura zane gida ya tafi. Kuma ba inda ya nufa ya faɗi ba. Zarto ya maƙale masa, ya saki ya ruga, itace ya juya ya danne mini rumbu. A jefa zarton a rafi, ko yarinya ta tsufa a karkace."

Uwar ta fashe da kuka.

"Da shi suke ci," in ji Malam. "In an jefa, yunwa za ta karkatar da gidan duka. Sassauta."

Aka yi ta ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk itacen da zai sara, sai ya ƙwanƙwasa da bayan gatari, ya yi sallama, ya jira. Ya sa weji kada zarto ya sake maƙalewa. Ya ɗaura igiyar waya da injin ja, itace ya kwanta a fili.

"Shi zai faɗa da bakinsa," in ji muryar.

Aka ji an amsa. Auta ta yi atishawa, ta miƙe zaune tsaf, ta ce, "Inna, ruwa."

Washegari direba ya kai Babban Zarto shagon kayan aiki. Babban Zarto yana jujjuya injin ja a hannu, yana ƙwanƙwasa weji kamar mai zaɓen kankana, yana ba mai shago labari.

"Ido cikin ido na dube ta. Na ce ke tsohuwa, fita, ko in bi sauran itatuwanku! Kayan nan ma don yaran aikina zan saya, ni ba na bukata."

Direba ya gyara hula.

"Yaya, ido cikin ido ta ina? Daga bayan randa muka jiyo muryarka, kuma 'na yarda, Hajiya' kaɗai ka ce."