Ta Shiga Ko Ba Ta Shiga Ba

Mardiya tana ban ruwa a garkar albasar gidansu, bayan filin wasan Tama, sai ƙwallo ta tsallako shinge ta faɗo tsakiyar fangali. Kafin ta ɗago, wani dogon saurayi ya leƙo ta saman ƙaya, hannuwansa cikin safar da ta sha ɗinki.

"Yi haƙuri, mai albasa. Ba ni na bugo ta ba, ni dai ture ta na yi."

"To da ka kama ta mana."

Ba ta san maganar ta fita ba. Kunya ta rufe ta, ta miƙa masa ƙwallon tana kallon ƙasa.

Bayan wasa ya dawo, wai ya zo gaida albasar da ya ji wa ciwo. A nan ya karɓi lambarta.

Sunansa Sufyanu, shi ne gardiyan, wato mai tsaron gida, na ƙungiyar Guguwar Ibohamane. A ƙasar Keita ba wanda bai san Guguwa ba. Iyayensu ne suka kafa ta da ƙwallo guda da wani ya zo da ita daga Abijan. Da hannu suka tsince duwatsun filin, ba takalmi suka fara buga wasa. Duk rani rabin 'yan wasan kan tafi cin rani, amma ko shekara guda Guguwa ba ta taɓa fashin gasa ba. Waɗanda ke waje su aiko da riguna, na gida su sa ƙannensu a gurbinsu. Da haka suka sha ɗaukar kofin Keita, har Tahoua an taɓa gayyatarsu.

Idan Sufyanu yana ba ta wannan tarihi a waya, Mardiya sai ta saurara tana murmushi. Ita ba mai yawan magana ba ce, amma ba abin da ke wuce ta.

Ranar da mahaifiyarta, Inna A'i, ta kai maganar aurensu gaban mahaifin Mardiya, Malam Manzo, tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗan wa ne?"

"Ɗan Kalla na Ibohamane."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Manzo shi ne mai tsaron gidan Tama a wasan ƙarshen da Guguwa ta ɗauki kofinta na farko. A lokacin ba ƙarfe a saman gida, igiya ake ɗaurawa tsakanin itace biyu. Kalla ya buga, ƙwallo ta shafi igiya ta wuce. Alƙali ya ce ta ƙasa ta bi. Manzo ya ce ta sama, kuma har yau bai sauya ba.

Ya sa aka kira Sufyanu. Saurayin ya durƙusa gefen tabarma, Mardiya tana bayan dangar kara tana ji.

"Yaro, ƙwallon ubanka ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Sufyanu ya ɗago kai.

"Baba, ba a haihe ni ba lokacin. Amma duk abin da Guguwa taz zama, daga ƙwallon nan ya tashi. Mahaihina ya ce ta shiga. Ba ni iya zama gabanku in ƙaryata shi."

"To tashi. Ɗiyata ba ta zuwa gidan da aka aje kup ɗina."

Ba a yi nisa ba Walid, ɗan maƙwabta da ya dawo daga Libiya da sabuwar moto, wato babur, ya fara zuwa gaisuwa.

"Ai Baba ni ma na ji, balon nan ta hi igiya da kamu biyu."

"Kamu biyu? Da yatsa guda dai. Kai ba ka san balo ba."

Duk da haka ya bar shi ya zauna a kan tabarma, Mardiya kuwa ta ga haka. Ranar ta rubuta wa Sufyanu:

"Kalma guda ce. Kalma guda ka kasa hwaɗi sabili da ni."

Amsa ta zo: "Mai albasata, in na ƙaryata ubana yau don in same ki, gobe mi zan hwaɗa miki ki yarda?"

Ta karanta, ta sake karantawa, ba ta mayar ba. Shi kuma da ya ji shiru, ya ji kuma labarin moto, sai ya aiko:

"Na ji an yi miki miji. Allah shi sa alheri."

Wannan karon ba ta jira ba.

"Moto ce ke tsayawa ƙohwar gida, ba ni ba, gardiyan nawa."

A shekarar ne aka haɗa gasar Madaoua, Bouza da Keita. An fitar da Tama tun da wuri, Guguwa kuwa ta kai wasan ƙarshe da Azarori a Madaoua. Manzo ya ce zai je ya ga an cika wa Guguwa raga. Inna A'i ta ce ya tafi da Mardiya ta gaida gwaggonta, ta faɗa ba tare da ta kalli kowa ba.

Mardiya tana cikin mata, amma mahaifinta take kallo. Ya je ya tsaya bayan ragar Sufyanu, hannu a baya, fuska a murtuke. Aka bugo kwana, Sufyanu ya tsaya a kan layi, ƙwallo ta daki ƙarfe.

"Kai! Hito mana! Ɗaure ka anka yi?"

Sufyanu ya waiga, ya ga Manzo ne mai maganar. Da aka sake bugowa sai ya fito ya cafke ta a sama.

"Yawwa! Haka aka yi!"

Da aka sauya gida, Manzo ya zagaye filin kaf da babbar rigarsa ya koma ɗaya ragar. 'Yan Tama suka sa masa dariya.

"Manzo, ka koma Ibohamane ne?"

"Ni gardiyan nika kallo, ba garin ba."

Aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti. Saura bugu guda: in Sufyanu ya tare, kofi na Guguwa ne. Mardiya ta damƙe bakin mayafinta. Manzo ya ƙura wa ƙafar ɗan Azarori ido.

"Kak ka hwaɗi, ɗana! Tsaya nan!"

Sufyanu ya tsaya. Ƙwallon ta zo tsakiya, ta shige ƙirjinsa.

Filin ya kaure. Hular Manzo ce ta fara tashi sama, Mardiya ta gani da idonta.

Cikin turmutsitsin sai ga Kalla da sandarsa. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna.

"Kalla, ƙwallonka ba ta shiga ba."

"Ta shiga, Manzo."

"Ba ta shiga ba. Amma ka haihu, wallahi ka haihu. Ku turo manya ranar Juma'a."

Bayan cirar albasa aka sa rana. 'Yan Guguwa suka zo Tama cikin rigunansu, tsofaffin da suka tsince duwatsu suna gaba, matasa suna baya. Suka cika sabon kofin da fura, yana zagaya tabarmi hannu zuwa hannu.

Mardiya tana ɗaki lulluɓe, wayarta ta yi motsi.

"An ɗaura, mai albasata."

"Na ji guɗa," ta rubuta. "Kai dai ka riƙe ni da kyau."

"Da hannu biyu, har Allah shi yi ikonshi."

Inna A'i ta shigo ta dafa kanta.

"Allah shi ba ku zaman lahiya, ɗiyata. Shi ba ku zuri'a mai albarka, shi sa garin ga da nasu su zama gida guda."

Matan ɗakin suka amsa da amin. Mardiya ma ta amsa a ƙarƙashin mayafi, da ƙarfin da har ita kanta ta yi mamaki.