Hannun Sitiyarin da Ya Ƙi Fita

Da hantsin ranar Lahadi aka buga waya kwamisariya, ofishin 'yan sanda na Maraɗi, aka ce mota ta faɗo wa mutum a wani gareji a Sabon Gari. Insifekta Ramatu ta ture kofin shayinta, ta kira Birgadiye Bilal, suka fita.

Garejin fili ne mai yashi, kewaye da langa-langa. A tsakiyarsa akwai wata tsohuwar kamiyo shuɗiya, babbar motar ɗaukar kaya, an cire mata tayar gaba ta gefen direba. Kafin su iso maƙwabta sun aro wani kirik, wato jak ɗin ɗaga mota, sun sake ɗaga ta, sun jawo mutumin sun lulluɓe shi da zane.

Zanen na Maijidda ne, mai ƙosai a bakin hanya. Ita ta ji faɗuwar.

"Na ji ƙara kamar gini ya rushe," in ji ta. "Da na leƙo ƙafafu kaɗai na gani. Na yi ta kururuwa Inusa ya mutu, Inusa ya mutu. Sai da aka jawo shi muka ga ashe Andarawus ne, abokin aikinsa."

"Me ya sa kika zaci Inusa ne?"

"Madam, yau Lahadi. Tun da na kafa kasko a nan ban taɓa ganin Andarawus ran Lahadi ba, yana majami'a a Tibiri. Kuma ga rigar aikin Inusa a jikinsa."

Insifekta ta tsuguna gaban kirik ɗin garejin. Bai karkace ba, bai fashe ba, yana tsaye inda aka kafa shi. Ɗan kusan da ake murɗawa a sauke shi ne a kwance. Kututturen da makanikai ke tokare mota da shi kuwa yana can gefe, ga sawun jansa a yashi.

Kusa da kirik ɗin ta tsinci ɓarɓashin baƙar laka. Ta murza a yatsu. Da danshinta, har da ganyen zogale manne a jiki.

"Wannan ba tsautsayi ba ne, Bilal. Sauke masa ita aka yi."

Ba a daɗe ba Inusa, mai garejin, ya shigo da gudu cikin babbar riga, hularsa a hannu. Ya buɗe zanen, ya zauna daɓas a ƙasa.

Insifekta ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta tambaye shi inda yake da safe.

"Wurin sunan jikana. Tun asuba ina can, ni na yanka ragon."

"Motar wa ce wannan?"

"Ta manoman Jiratawa ce. Ita ce ta kife watan jiya da matan da ke kai zogale kasuwa. Wata yarinya ta rasu a ciki."

"Me ya kifar da ita?"

"Taya ta fashe, ranki ya daɗe. Haka na hwaɗa ma jandarma."

"To me Andarawus ke nema a wurin sitiyari?"

Inusa ya dubi ƙasa. "Ban sani ba. Sitiyarin lahiya lau yake."

Insifekta ta kunna fitilar wayarta ta leƙa ƙarƙashin motar. Akwai wani ƙarfe mai kauri, tsawon kamu ɗaya, wanda ke ɗauko juyin sitiyari ya miƙa wa tayoyi. Shi makanikai ke kira hannun sitiyari. An riga an kwance babban ekuru, notin da ke riƙe da shi, an maƙala masa ƙugiyar da ake finciko shi da ita. Jikinsa duk tabon guduma, wasu sababbi suna ƙyalli, wasu har sun yi tsatsa. An kuma lafta masa baƙin giris fiye da kowane ƙarfe a wurin.

"Wani ya daɗe yana dukan ƙarfen nan kafin yau," in ji ta. "Ka shiga ka ƙarasa aikin da abokinka ya fara."

"Ba ya fita, Madam. Tsatsa ta cinye shi."

"Ya aka yi ka sani, in lafiyarsa lau?"



Da kanta ta sa aka jera kututture biyu a ƙarƙashin motar, ta girgiza su ta tabbatar. Inusa ya tuɓe babbar rigarsa, ya kwanta a kan yashin da aka zuba a rufe jini.

Ya tsiyaya mai a bakin haƙoran da ƙarfen ya cije. Ya ƙara ɗaure ƙugiyar har ta fara kuka. Ƙarfen bai motsa ba. Bilal ya miƙa masa wutar walda, ya gasa wuyan ƙarfen har giris ya narke yana ɗiga, hayaƙi ya cika ƙarƙashin motar. Ya sake ɗaurewa, ya ɗauki guduma ya bugi gefe. Sau da yawa yana kuskure.

"Saura kaɗan ya bari," in ji shi daga ƙasa. "Ni fushi nake yi da ƙarfe. Shi lallashinsa yake."

Ya ƙara bugu ɗaya. Aka ji ƙas, hannun sitiyarin ya saki, ya faɗo a yashi.

Da ya huce, Insifekta ta kankare shi da wuƙa. A tsakiyarsa ga ɗinkin walda, ya tsage, ƙarfen ya lanƙwashe daga nan.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne." Inusa bai tashi daga ƙasa ba. "Ya tsage, babu sabo a Maraɗi, sai an aika Katsina. Zogale kuma an riga an yanke, zai yanƙwane. Andarawus ya ce kar in yi, ba a walda a nan wurin. Na bari ya tahi gida na yi. Bayan hatsarin na so in cire in jefar, ya ƙi fita. Sai na shafe shi da giris."

"Da ka ga zai tona maka asiri, sai ka sauke masa mota."

"Wallahi a'a! Ɗiyar mutane, ni na kashe ta, na yarda. Amma Andarawus? Tun muna yaran gareji kwano ɗaya muke ci."

Bilal ya buga waya gidan sunan. Liman da maƙwabta duk suka shaida Inusa bai bar wurin ba sai da aka kira shi. Duk da haka Insifekta ta sa shi a bayan mota.

A Tibiri, gidan Andarawus ya cika da matan majami'a, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Matarsa Batula na zaune a kan tabarma. A igiyar shanya rigar aikinsa na rataye, an wanke ta.

"Sannu da haƙuri, Inna," in ji Insifekta, ta zauna kusa da ita. "Ina ya ce miki za shi?"

"Cewa ya yi yau a Maraɗi zai yi sujada. Da kayan majami'a ya fita. Baban Hadassa bai taɓa yi mini ƙarya ba sai yau."

"Akwai abin da ke damunsa?"

"Tun rasuwar Fadila ba ya cin abinci."

"Yarinyar da ta rasu a motar? Ya san ta?"

"Ɗiyar Zakariya'u ce, amininsa na Jiratawa. Tare suka tashi nan bayan gidanmu. Ita kaɗai Allah ya bar masa, uwarta ta rasu tuntuni. Duk hutu nan take zuwa wurin Hadassa. Kawu take ce masa." Batula ta share ido da bakin zane. "Jiya yana gyaran fitila ya ce mini, Batula, ba zan je wa Zakariya'u da zato ba. Sai na riƙe abin a hannuna zan kai masa. Ban gane nufinsa ba."

"Zakariya'un ya zo gaisuwa?"

"Hadassa ta yi ta kiran wayarsa, a kashe take. In ya ji ban san yadda zai yi ba."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa Jiratawa. Suka biya ta wurin jandarma suka sanar, sannan suka gangara fadama. Fangalin zogale da albasa duk sun sha ruwa, baƙar laka na kama takalmi. Gona ɗaya ce kaɗai a bushe.

Wani manomi da ke wanke ƙafa a bakin kanal ɗin ban ruwa ya nuna ta. "Ta Zakariya'u ce. Yau da safe ne layin ruwansa. Ya buɗe wa fangali ɗaya, sai ya toshe ya hau kabu-kabu. Da ya dawo bai yi wa kowa magana ba."

Insifekta ta ce wa Bilal ya tsaya a mota da Inusa, ta taka ita kaɗai.

Zakariya'u na zaune a bakin bukkarsa, dattijo siriri mai furfura a gemu. Bai tashi ba.

"Baba, sannu da aiki. Insifekta Ramatu ce daga Maraɗi. Ina kake yau da safe?"

"Nan. Ina ban ruwa."

"Gonarka a bushe take."

"Injin ne ya ƙi."

"Na maƙwabtanka bai ƙi ba, kuma injin ɗaya ne." Ta zauna a kan wani buhu. "Mota ta faɗo wa mutum a gareji a Sabon Gari. Ya rasu."

Fuskar Zakariya'u ba ta canja ba. "Kowa da ranarsa. Inusa ya je ya tarar da abin da ya aikata."

"Wa ya ce maka Inusa ne?"

"Garejinsa ne."

"Ban faɗi sunan garejin ba, Baba."

Insifekta ta ɗaga wa Bilal hannu. Ƙofar mota ta buɗe, Inusa ya fito, ya tsaya a kan kunya da singileti mai baƙin mai.

Zakariya'u ya miƙe a hankali. Ya dubi Inusa, ya dubi Insifekta, ya sake duban Inusa.

"To wa..." Ya juyo ga Insifekta. "Wa ke ƙarƙashin motar?"

Insifekta ta sha kai wa mutane mummunan labari. Wannan karon ya fi mata nauyi.

"Andarawus ne."

"A'a. Yau Lahadi. Yana majami'a."

"Bai je ba."

"Rigar Inusa ce! Na gan ta da idona!"

"Tasa tana kan igiya a Tibiri. Ya ari ta Inusa don kar ya ɓata kayan majami'a."

Ta kwance tsumman da ta riƙo, ta ajiye hannun sitiyarin a gabansa, ta nuna masa waldar da ta tsage.

"Wannan yake cirewa. Ya jira ranar da Inusa ba ya nan. Kai zai kawo wa, don ka san abin da ya kashe Fadila."

Zakariya'u ya durƙusa a busasshiyar gonar, ya ɗauki ƙarfen da hannu biyu, ya rungume shi a ƙirji. Kukan da ya fito daga bakinsa sai da ya sa manoman nesa suka ɗago kai.

Ba wanda ya taɓa shi. Da ya samu numfashi, shi da kansa ya fara magana.

"Jiya na je asibiti duba direban. Ya ce mini ba taya ba ce, sitiyarin ne ya mutu a hannunsa, kwana kaɗan bayan Inusa ya gyara. Da safe na buɗe ruwa, na ga wurin da take zama tana tsinke ganye. Sai na kasa. Na tahi in tambaye shi kawai, in ji daga bakinsa."

"Sai me ya faru?"

"Na shiga, na ga ƙafafu, na ji guduma. Na ce a raina, ga shi yana gyara ta, za ta koma hanya kamar ba a yi komai ba. Ban yi sallama ba. Na ja kututturen, ƙarar guduma ta rufe. Na murɗa kirik." Ya runtse ido. "Da na yi sallama, da ya amsa mini. Na san muryarsa ko cikin barci."

Inusa ya matso, hawaye na bin gemunsa. "Ni ya kamata ka samu a wurin, Zakariya'u."

Zakariya'u bai ko dube shi ba.

Bilal ya zaro ankwa. Insifekta ta karɓi ƙarfen daga hannun dattijon, sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa hannuwan ba gardama.

Aka zaunar da su biyun a baya, Bilal a tsakiyarsu. Manoma suka tsaya a kan kunyoyi suna kallo. Motar ta hau hanyar Maraɗi.

Sun kusa shiga gari Zakariya'u ya yi magana.

"Ɗiyata, yaushe za a binne shi?"

"Gobe da safe, a Tibiri."

"Ba za ku bar ni in je ba."

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ran da aka kai Fadila na kasa riƙe diga," in ji shi. "Shi ya karɓa daga hannuna ya haƙa mata."

Insifekta ba ta waiwaya ba. Ta rage gudu, ta karya kwanar kwamisariya.