Goruna Goma Sha Bakwai na Baba Genzo

Ranar da Chisato ta fara ganin Dong-ha, yana tsugune a bakin teku, buhun shara a kafaɗa, yana kokawa da wata tsohuwar raga da ta fi shi nauyi. Cikin ɗaliban Busan yake, waɗanda ke tsallako mana daga Koriya zuwa nan tsibirin Tsushima na Japan duk shekara, su taya mu kwashe sharar da ruwa ke kawowa. Ita ce mai raba aiki, da usur a wuya.

"Kai mai buhu! Da haƙori za ka yanke ta?" Ta miƙa masa wuƙa.

"Na gode, Shugaba," ya ce da Japanancinsa mai ɗingishi.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ke nan fa, sunayen suka bi su.

Da ya koma gida, waya ba ta huta ba.

"Shugaba, yau gari ya washe, ina hango duwatsunku. Ɗaga hannu in gani."

"Na ɗaga tun ɗazu, Mai Buhu. Idonka ne ba kyau. Ka ci abinci?"

Bayan shekara biyu ya samu aiki a ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashen biyu mai bin sawun sharar teku, ya sa kwat ya zo neman aure.

To, mahaifinta, Baba Genzo, masunci ne mai zuciya a kusa. A tsakar gidansa ya rataye goruna goma sha bakwai, irin na roba da ake ɗaura wa raga don kada ta nutse. Duk ruwa ne ya kawo su daga tsallake, wasu har sun taɓa naɗe masa farfelar jirgi. Kowane masunci yakan rubuta sunan jirginsa a jikin goransa, su kuwa waɗannan suna ɗaya ne a kansu, da jan fenti, da rubutun Koriya.

Dong-ha na shigowa ya yi turus. Sunan jirgin mahaifinsa ne. Wasu ma shi ya rubuta su da hannunsa tun yana ƙarami.

Chisato ta karanci fuskarsa, ta gane. "Baba bai iya karatunku ba," ta raɗa masa. "Don Allah ka yi shiru."

Aka zauna, aka zuba shayi. Tsohon ya nuna waje da haɓa. "Karanta min. Shekara tara ina neman sunan wannan mara mutunci."

Dong-ha ya kai goshi ƙasa. "Haesong ne, Baba. Jirgin gidanmu. Ku yafe mana."

"Tashi ka fita. Ba zan ba wa masu zuba mana shara 'yata ba."

Chisato ta sha kuka, ta tura masa saƙo: "Me ya kai ka?"

"Ina sonki, Shugaba. Ba zan karɓe ki da ƙarya ba."

Washegari da safe, saura awa ɗaya jirgin ruwan da zai mayar da Dong-ha Busan ya tashi, mahaifiyarta, Mama Fumie, ta ajiye wa mijinta shinkafa, ta ɗora wata tsohuwar ambulan a gefen kwano.

"Baban Chisato, kana tsammanin ban san abin da ke ƙarƙashin akwatin ƙugiyoyinka ba?"

Wasiƙa ce da wasu masu tsaftace bakin teku suka aiko daga can tsibiran Hawaii na Amurka shekara shida da suka wuce. A ciki akwai hoton gora kwance kusa da kunkurun ruwa, ga sunan jirgin Baba Genzo ɓaro-ɓaro, da rubutun hannunsa.

"Ai guguwa ce ta tsinke shi!" in ji tsohon.

"Au, su can Busan ba a yin guguwa ke nan? Kai ɓoye naka ka yi. Yaron nan kuwa faɗin nasa ya yi, alhali ya san abin da zai rasa."

Tsoho ya daɗe yana kallon hoton. Sai ga shi ya haye keke da silifas, har tashar jirgi, yana haki. Ya tarar da Dong-ha a layin shiga jirgi.

"Kai yaro, fito daga layin nan! Ka gaya wa ubanka ya zo ya kwashe kayansa daga gidana." Ya kawar da kai. "Kuma ya sa tufafin kirki. Biki za a yi."

Kai, an sha biki! Iyayen nan maza biyu ba mai jin yaren wani, amma suka wuni suna gardamar ƙullin igiyar da guguwa ba ta tsinkewa. Kafin a watse, Baba Genzo ya sa angon ya rubuta masa amsar wasiƙar Hawaii, da ban haƙuri.

Goruna goma sha shida suka koma Busan. Na ƙarshen, tsohon ya goge shi tas, ya rubuta sunan amarya da na ango, ya rataye musu a ƙofar gida.

"Wannan kada ku bari ya ɓata," ya ce, idonsa ya ciko. "Allah ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana."