Ƙuma a Jikin Toka

Auta tana da 'yar kyanwa mai suna Toka. Son da take mata ya wuce misali, har Mama kan yi mata tsiya cewa ta yi ƙanwa mai jela.

Wata ranar Asabar Toka ta kasa zama wuri ɗaya, sai susa take yi. Auta ta buɗa gashin wuyanta, ta ga ƙuma suna ta zirga-zirga. Mama ta ce ta yi haƙuri, da yamma za su je wurin likitan dabbobi.

Amma Auta da haƙuri ba sa ga maciji. Ta tuna da maganin ƙuma da Baba yake sa wa karen gadi, a kan kanta a ɗakin ajiya. A ranta ta ce ai ƙuma ƙuma ce. Ta taka kujera ta ɗauko kwalbar, ta ɗiga wa Toka a wuya.

Ba a jima ba Toka ta fara rawar jiki, miyau yana zuba daga bakinta. Ta miƙe, ta faɗi. Auta ta so ta ɓoye kwalbar, amma tsoron rasa Toka ya fi tsoron faɗa.

"Mama, ni ce," ta ce tana kuka. "Maganin kare na sa mata."

Mama ba ta tsaya faɗa ba. Ta wanke wuyan Toka da sabulu da ruwan ɗumi, ta naɗe ta a tawul, suka fita da kwalbar a hannu.

Likita ya karanta jikin kwalbar, ya yi wa Toka allura. Sannan ya durƙusa daidai tsayin Auta.

"'Yata, ƙumar ɗaya ce, amma jikin ba ɗaya ba ne. Abin da kare zai jure yana iya kashe kyanwa. Gaskiyar da kika faɗa da wuri ce ta cece ta."

Da Toka ta warke, likita ya auna nauyinta, ya ba su maganin kyanwa daidai ita. Ya ce su wanke shimfiɗarta, su share ɗaki sosai.

A hanyar gida Toka ta lafe a ƙirjin Auta, ta yi barci.

"Mama, ba zan sake ba da magani ba sai na tambayi wanda ya sani," in ji Auta.

Mama ta shafa kanta. "So kaɗai ba ya isa, Auta. Sai an haɗa shi da tambaya."