Jar Motar Faruku da Zaren Zulfa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don karatuna bai yi nisa ba. Amma mai labarin ta ce in ban rubuta ba ita ba za ta iya faɗa da bakinta ba, don ta fi ni kunya.

Ranar da Zulfa ta fara ganin Faruku, ta kawo wa mahaifinta abincin rana ne a garejinsa da ke bakin hanyar gada. Sai ga wata jar mota da aka sassauke ta har cikinta na gogar ƙasa. Saurayin da ke tuƙa ta ya fito yana neman iskar taya. Zulfa ba ta iya kallon fuskar namiji, sai ta kalli tayarsa. Can ƙasa-ƙasa ta ce masa tayar hagu tana cinyewa ta gefen ciki.

Ya durƙusa ya shafa, ya ji gefen ya suɗe. Da ya ɗago, idonsa bai koma kan motar ba.

Faruku ɗan masu sayar da shinkafa ne a babbar kasuwa. Wata uku yana aiko saƙo. "Zulfata, yau ma na wuce ƙofarku, mota ta ja hagu, zuciyata ma ta ja." Ita kuwa ta amsa: "Mai Jar Mota, taka zuciyar lafiyarta lau. Motar ce ba ta da lafiya."

Malam Yari, mahaifinta, shekara talatin yana saitin ƙafafun mota da zare, kuma da taya yake auna mutum. Da magabatan Faruku suka zo, ya fita ya shafa tayoyin jar motar, ya dawo ya ce wanda ke riƙe karkatacciyar mota da ƙarfin hannu, haka zai riƙe gida. Shi ya fi son Abdurazak mai albasa na garin Garou, wanda tayoyinsa ke cinyewa daidai. Da aka matsa da roƙo, ya ba da sati biyu. Za su hau hanyar Guéné, Faruku ya saki sitiyari tsakanin turakun lantarki uku. In motar ta kauce, magana ta mutu. Kuma shi Malam Yari ba zai sa wa motar hannu ba.

Faruku ya tafi Parakou wurin masu saitin mota da na'ura. Motar ta kasa hawa gadar da ake ɗora mota a duba ta sai da aka shimfiɗa katako. Aka saita, ya biyo hanya, tana nan tana jan hagu. Kunya ta hana shi kira har kwana biyar. Zulfa ta ɗauka ya haƙura da ita, ga Abdurazak kullum yana aiko buhun albasa. A rana ta shida ta daure ta rubuta: "In ka fasa, ka gaya mini da bakinka."

"Hasken idona, ni in fasa? Na'ura ce ta kasa, na rasa idon da zan dube ki da shi."

Ta yi ta kallon wayar, sannan ta rubuta: "Kawo ta gidan Gwaggo Diza gobe bayan azahar."

Tun tana ƙarama take riƙe wa mahaifinta bakin zare, ba wanda ya lura tana koyo. A tsakar gidan, Gwaggo na zaune kan tabarma tana tsare su da ido, Zulfa ta auna daga ƙasa zuwa bakin jikin motar da ke saman kowace ƙafa da karan dawa. Hagu ta fi dama sauka da yatsa biyu. Wanda ya yanke rosor ɗin, wato sifirin da ke ɗauke da motar, da ido ya yanke, bai auna ba, shi ya sa kowane saiti ke tashi a banza. Faruku ya samo guda biyu masu tsawo ɗaya aka sa. Ta ce ya zauna a mazaunin direba don nauyinsa ya shiga lissafi, ta zagaye ƙafafun huɗu da zaren masunta, ta auna gaba da baya, sannan ya sauko yana juya ƙarfen saitin yadda ta ce. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zance a ƙarƙashin mota ba.

Ranar gwaji Malam Yari ya zauna gaba, fuska a murtuke. Da suka miƙe kan kwalta ya ce a saki. Turke ɗaya, biyu, uku, har biyar, motar na tafe kamar an ja mata layi. Ya sa aka tsaya, ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe.

"Wanga ba aikin na'ura ba ne. Wa ya ja zaren?"

Faruku ya san in ya faɗi gaskiya tsohon zai iya cewa an yi masa wayo. Duk da haka ya ce:

"Baba, Zulfa ce. Ni ƙarfe kawai na juya."

Malam Yari ya juyo ya dube shi. Sannan ya fashe da dariyar da ta sa shi tari.

"Ɗiyata ta sace mini sana'a, kai kuma ba ka ji kunyar faɗa ba. Maza nawa za su iya? Tada mota. Ka gaya wa mutanenku su kawo goro."

Aka ɗaura aure ranar Asabar. A jar motar aka kai amarya, ƙawaye na guɗa, mutanen kasuwa na ɗaga hannu. Malam Yari ya dafa kawunansu ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Washegari da safe, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, Zulfa ta ɗauki makullin motar daga kan tebur, ta je ta zauna a mazaunin direba, ta ja lulluɓinta baya.

"Angona, ƙasan mota na sani tun ina yarinya. Zo ka nuna mini yadda ake tada ta."