Sai An Ci Shi Maki

Ina da ɗan aibi, kunnena kan riga ni isa teburin mutane. Da haka na ji ranar da Yudelka ta ajiye cokali a wani gidan abinci na garinmu San Pedro, ta ce wa saurayinta Wilkin ya zaɓa, ko ita ko safarsa.

Wilkin mai jifa ne a ƙungiyar besbol ta garinmu, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, sai dai ba shi ke fara wasa ba. Zama yake a gefe har wani mai jifan ya jagwalgwala, sannan a kira shi ya kwashe. Wasa goma sha tara ke nan a jere ba a ci shi maki ba, kuma kowa ya san mai irin wannan sa'a ba ya canza komai. Bai aske gemu ba, bai wanke safa ba. Zuwa neman aure kuwa ai sabon abu ne.

Ya ce mata, "Rabin raina, ki ɗan bari a ci ni maki tukuna..."

"To Allah ya sa a ci ka gobe."

Ya dafe ƙirji kamar ta harbe shi.

Ba son ranta ba ne. Mahaifinta, Don Fermín, ya daɗe yana cewa mutumin da sana'arsa jira ce, jira zai koya wa 'yarsa. Ya yanke cewa ran Lahadi za a dafa sancocho, farfesunmu na taron iyali, in Wilkin bai zo ya nemi auren da bakinsa ba, kujerar suruki ta Radhamés mai kantin magani ce. Shi Radhamés kullum yana gidan, yana auna wa tsohon jini, yana raɗa masa cewa ɗan wasa a kowane gari da budurwarsa.

Ran Asabar da la'asar Yudelka ta zauna tsakiyar magoya bayan garinmu. A zagaye na takwas mai jifan farko ya fita, ya bar ɗan wasan ƙungiyar baƙi a kusurwa ta uku, saura gudu ɗaya ya ci maki. Aka kira Wilkin.

Ta miƙe tana zuga mai riƙe da sanda na ƙungiyar baƙi, mutumin da ko sunansa ba ta sani ba.

"Doke ta, ɗan albarka!"

Wata tsohuwa ta maka mata mafici a baya, ba ta ko waiga ba. Sanda ta sami ƙwallo, na kusurwa ya sheƙo ya taka gida. Fili ya yi tsit, ban da yarinya ɗaya da ke tsalle tana kuka.

Ran Lahadi Radhamés ya riga ya gyara zama sai ga Wilkin, haɓa sumul, sabuwar safa fara tas. Ya cire hula ya ce ya zo neman auren Yudelka.

Don Fermín ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe kana da fuska. Radhamés, ɗana, ɗan matsa masa, ai shi ya saba karɓar wurin wani."

Yudelka ta ƙyalƙyale da dariya har ta ɓarar da romo. A Janairu aka ɗaura auren, kuma har yau tana bugun ƙirji cewa addu'arta ce ta karya sa'ar.

A dokar besbol, wanda aka tarar a kusurwa in ya ci maki, a kan mai jifan da ya bar shi ake rubutawa, ba a kan wanda ya karɓi jifan ba. Ke nan ba Wilkin aka ci ba. Wilkin ya san haka tun yana ɗan shekara bakwai.