Kafaɗar Maƙeri

A garin Rumsiki, maƙeri kaɗai ke saɓa gawa a kafaɗa ya kai ta kabari. Deli ya gaji aikin nan, amma ya watsar, ya koma yawo da baƙi masu yawon buɗe ido a kan dawaki cikin tsofaffin duwatsun aman wuta.

Ran nan da magariba ya sauke baƙinsa, yana komawa gida, sai dokin ya turje yana huci. Ga maƙwabcinsa, tsoho Zra, zaune bakin hanya, an jibga masa riguna kan riguna duk da zafin nan. Ko tsuntsu ba ya kuka.

"Baba Zra, me ya fito da kai? Taso ka hau."

"Doki na baƙinka ne, ɗan nan. Kafaɗarka nake jira tun jiya."

"Haba Baba, ba na son wannan wasa!"

Deli ya diro zai kama shi, sai ya ga haɓar tsohon ɗaure tamau da ƙyalle. Can cikin gari gangar makoki ta tashi.

Ya juya zai gudu. Wani nauyi ya danne masa wuya, ƙafafu biyu masu sanyi suka sauko kan ƙirjinsa.